Damina, Kaka da Alƙalami: Nazarin Lokutan Rubutu a Ribaɗin Wurno da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da malaman makarantunmu na Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, ya kuma tayar da maganar rubutu, amsa ɗaya zai ji daga bakin mafi yawansu, ita ce babu lokaci. Da damina gona ta riƙe mutum, da kaka ga girbi ga biki, da ɗari ga fadama, da bazara kuwa zafi ba ya barin kowa ya zauna wuri ɗaya. Uzuri ne mai ƙarfi, ba na kuwa raina shi. Sai dai a wannan ƙasa tamu, ƙarƙashin wannan rana da wannan ruwa, aka yi waɗansu daga cikin rubuce-rubucen da Daular Usmaniyya take alfahari da su har yau.

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi ayyukan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da na 'yar'uwarsa Nana Asma'u, Allah ya jiƙan su, ta fuskar da ba a cika duba su ba, wato fuskar lokaci. Yaushe suka yi rubutu? Wane aiki shekara ta ba su dama su yi, wane kuma ta hana su? Wace alama hakan ya bari a jikin ayyukan, ta kyau ko ta rauni? Abin da nake son tabbatarwa shi ne, shekara ta raba musu aiki kashi-kashi, amma ba ta taɓa tsayar da shi ba, kuma wannan rabo shi ne babban sirrin yawan abin da suka bari.

2.0 Ƙasar ribaɗi da shekararta

Bello ya gina Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wajen ƙarshen shekarun 1820 ya mayar da hankalinsa gabas, ya kafa Wurno a bakin Gulbin Rima domin tsaron iyaka daga Gobirawa da abokan tarayyarsu. A nan ya yi mafi yawan zamansa na ƙarshe, a nan ya rasu cikin Oktoba 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Gandi da Rabah da Shinaka ta ƙasar Goronyo duk suna cikin jerin garuruwan ribaɗi da aka kafa a wannan shiyya. Ke nan mutanen waɗannan garuruwa manoma ne da damina, masu tsaron iyaka ne da rani, almajirai ne a tsakani.

Shekarar wannan ƙasa sananniya ce ga mai karatu. Ruwa kan zauna daga wajen Yuni zuwa Satumba, gulbi ya cika, fadama ta shafe hanya, doki ba ya iya tafiya mai nisa. Saboda haka ba a cika fita yaƙi da damina ba, sai an kai amfani gida. Shaidar baƙi ta tabbatar da wannan. Da Bature Clapperton ya dawo karo na biyu, a sansanin yaƙi ya tarar da Bello, kusa da Konya ta Gobirawa, cikin Oktoba 1826. Da Dakta Barth ya iso cikin Afrilu 1853, shi ma a sansani ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana shirin fita, har ya zauna Wurno yana jiran dawowarsa. Yaƙin Gawakuke na 1836 shi ma da rani aka yi shi. Abin da wannan yake nunawa shi ne, lokacin da talaka yake samun sarari, shi ne lokacin da sarki yake rasa nasa. Bello da rani yana bisa sirdi ko yana karɓar sarakunan gabas da wasiƙunsu; zaman da ya fi tsawo a gida na damina ne.

Kayan rubutun su ma suna da lokacinsu. Takarda daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus a kan raƙuma. Wanda ya ɗaga tsofaffin takardunmu ga hasken rana zai ga tambarin jinjirin wata uku a jikin da yawa daga cikinsu. Ayari kuwa ba kullum yake isowa ba, don haka takarda abar tattali ce, ba a zuba mata magana sai an tace ta a ka ko a allo. Ƙaron da ake haɗa tawada da shi da rani yake tsattsafowa. Gambar da ake fiƙe alƙalami da ita sai ta ƙosa ake yanka ta. Damina tana zuwa da laima da gara da ɗigar ɗaki, hunturu kuma yana zuwa da gobara. Clapperton ya ba da labarin cewa ya sami Bello zaune da littafin lissafi na Uƙlidisu da ya kawo masa cikin Larabci, Bello ya gaya masa cewa da suna da irinsa a gidansu, wanda wani ɗan'uwa ya zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Marubucin wancan zamani bai isa ya manta da yanayi ba, domin yanayin yana cikin tawadarsa da takardarsa da gafakarsa.

3.0 Tarbiyyar da suka tashi a cikinta

Kafin a zo ga shekara, akwai yini. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Bello ya bayyana yadda mahaifinsa yake raba lokacinsa: akwai wa'azin daren Juma'a ga jama'a, akwai fitowa bayan la'asar domin karantar da tafsiri da hadisi da fiƙihu, akwai kuma zama bayan isha'i. Salloli biyar su ne agogon gidan, kowane aiki an ɗaure shi a gindin wata salla. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya jiran sai ransa ya so kafin ya ɗauki alƙalami, kamar yadda ba ya jiran sai ransa ya so kafin ya yi alwala.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wannan tsari ya jure wa tashin hankali. An yi hijira zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, aka yi Tabkin Kwatto a wannan shekara, aka sha wuya a Tsuntsuwa, aka sha ta a Alwasa a 1805, ga yunwa ga ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan. Duk da haka Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra cikin watan Azumi na 1221, daidai da Nuwamba 1806, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808. Malam Abdullahi ƙanensa, da ransa ya ɓaci ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, da ya yada zango a Kano sai ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami ya kuma karantar da tafsiri. Ko fushi a wannan gida littafi yake haifarwa. Wannan ita ce makarantar da Bello da Asma'u suka fito daga cikinta.

4.0 Bello: rubutun mai ɗan lokaci

An ƙididdige wa Bello ayyuka fiye da ɗari. In aka dube su da idon nazari, za a ga mafi yawansu gajeru ne, kuma kowanne yana da dalilin da ya jawo shi. Usulus Siyasa amsa ce ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Algaisus Shu'ubub wasiyya ce ga Yakubun Bauchi. Akwai abin da ya rubuta a kan ribaɗi da tsaro, akwai Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen neman abin kai, akwai kuma risaloli a kan maganin ciwon ido da na basur. Abin lura ne cewa biyu daga cikin littattafansa na sha'anin mulki, wanda na ambata na Yakubu da kuma Algaisul Wabli, da sunan ruwan sama ya raɗa musu suna. Mutumin da ya san abin da mamakon ruwa yake nufi ga ƙasar Rima, shi ne zai kwatanta adalcin shugaba da shi.

Yadda yake gina waɗannan risaloli kusan iri ɗaya ne. Zai kawo mas'ala, ya jero aya da hadisi, ya biyo da maganganun malaman da suka gabata, sa'an nan ya ɗaure da nasa hukunci a taƙaice. Waɗansu masu nazari na zamani suna ganin wannan a matsayin rauni, suna cewa naƙali ya fi ƙirƙira yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin wanda ya karanta risalolin a jere zai ci karo da maimaici, wani lokaci kuma sai ya yi nisa kafin ya ji muryar Bello kansa. Amma a ganina wannan salo shi ne ya sa rubutun ya yiwu. Sarkin da yake tsakanin sansani da fada ba zai iya fara kowane aiki daga tushe ba. Dole ne ya kasance yana da rumbu, wato karatun da ya tara ya kuma tsara a kansa tun lokacin sarari, domin in tambaya ta zo daga Katsina ko Bauchi ya ɗebo ya auna ya aika kafin manzo ya juya. Karatun zama ne yake ciyar da rubutun gaggawa.

Ko Infaƙul Maisuri, wanda shi ne mafi shahara, yana ɗauke da wannan alama. Ya fara da bayanin ƙasashe, ya shiga tarihin malamai, ya koma ga siffofin Shehu, ya bi yaƙe-yaƙe ɗaya bayan ɗaya, ya kuma cusa wasiƙun da suka gudana tsakaninsu da Shehu Laminu na Barno. Mai neman littafi mai zubi ɗaya zai ce ɗinkin ya fito fili. Haka ne, ya fito. Sai dai ɗinkin yana gaya mana cewa marubucin ya kasance mai ajiya: ya adana wasiƙa, ya riƙe sunan wuri da na mutum, ya tara ƙyalle-ƙyalle shekara da shekaru har ranar da ya sami zaman haɗa riga. Ba don wannan ɗabi'a ta ajiya ba, da rabin abin da muka sani game da jihadi ya bi iska.

5.0 Nana Asma'u: shuka, girbi da ajiya

An haifi Nana Asma'u wajen 1793, ta rasu a 1864. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Bello, saboda haka rayuwarta ta kasance tsakanin Sakkwato da Wurno, inda aikin mijinta yake. Ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997 sun kai kimanin sittin, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya sauƙaƙa nazarinsu ta fuskar lokaci shi ne ramzi. Ta saba rufe waƙa da kalmar da in aka lissafa haruffanta za a sami shekarar Hijira. A lissafin Magariba da malamanmu suke bi, harafin shinun dubu ne, ra'un kuwa ɗari biyu, shi ya sa ramzin ƙarninta ba ya rabuwa da waɗannan haruffa biyu. Wannan kansa ɗabi'a ce ta mai kula da aiki, kamar manomin da yake sa alama a rumbu don ya san hatsin wace shekara ne a ciki.

In aka jera ayyukan bisa ramzinsu, sai a ga rayuwar tata ta rubutu ita ma tana da damina da kaka. Daga Tanbihul Gafilina na 1820 zuwa tsakiyar shekarun 1830, abin da ya zo mana mai kwanan wata kaɗan ne, amma a nan ta kafa tushe. A nan ta yi waƙar Sunago da Fulatanci wajen 1829, ta kuma mayar da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu zuwa Hausa wajen 1831. Da Bello ya rasu a 1837 sai aikin ya yi tsiri. Cikin 'yan shekaru ta yi marsiyyarsa, ta yi waƙar halayensa, ta mayar da Sunago Hausa, ta yi Filitago a kan tafiye-tafiyen Shehu a 1839, ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwani. A daidai wannan lokaci mijinta Giɗaɗo yana rubuta Alkashfu wal Bayan a kan Bello da Raulul Jinani a kan Shehu. Miji da mata sun ga cewa waɗanda suka ga abin da idonsu suna ƙarewa, suka tashi haiƙan kamar masu kwashe gero kafin ruwan ƙarshe ya lalata shi. Daga tsakiyar shekarun 1850 har zuwa rasuwarta kuma sai ga wata kakar, wadda waƙoƙin Hausa na koyarwa da marsiyyoyi suka yi yawa a cikinta.

Ɗabi'u uku nake gani a nan, kowace kuma ta bar alama a jikin waƙoƙin.

Ta farko ita ce komawa ga tsohon aiki. Sunago ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kimanin talatin. Bayan shekara tara ko goma ta dawo mata ta sake zuba ta da Hausa, domin masu sauraro sun sauya. Yaƙin Gawakuke an yi shi a 1836, amma waƙarta a kansa sai a 1856 ta fito, bayan shekara ashirin. Wanda ya san waƙar zai yarda cewa jiran bai tafi a banza ba: ba ta tsaya ga murnar nasara ba, ta mayar da yaƙin ma'aunin da za a auna shugabannin da suka biyo baya da shi. Irin wannan hangen ba ya samuwa ranar da aka dawo daga daga.

Ta biyu ita ce aikin gayya. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ita kuma ta ɗauke shi ta mayar da shi waƙa wajen 1836 zuwa 1837, da Fulatanci da Hausa, wadda muka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta ƙara da matan gidansu da na zamaninta. Ƙanenta Isa ya yi wa Tabbat Haƙiƙa tahamisi, shi ne kuma ya mayar da Filitago Hausa a 1865 ta zama Waƙar Gewaye. Wannan ya share, wancan ya shuka, wani ya yi noma. Babu wanda ya ɗauki gona duka a kansa shi kaɗai.

Ta uku, wadda ta fi shafar batunmu, ita ce auna waƙa da lokacin mai karɓarta. 'Yan taru mata ne na ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata, da suke zuwa wurinta ƙarƙashin jagorancin jaji, wadda ita Asma'u take naɗa wa malfa da jan ƙyalle. Macen ƙauye ba ta da wata uku na zama gaban malami. Tana da 'yan kwanaki ne, galibi bayan an kai amfani gida hanya ta bushe, sa'an nan ta koma. Saboda haka dole darasi ya zama abin da za a hardace a ɗauka a ka, a rera shi wajen daka da kaɗi da jan ruwa har shekara ta zagayo. Wannan ne ya sa waƙoƙinta na Hausa suke da sauƙin kalma, da gajerun jimloli, da jeri mai bin juna. Wanda ya auna Sunago ko Dalilin Samuwar Allah da ma'aunin adon harshe zai ce ba su kai marsiyyoyinta ba, ni ma haka nake gani. Amma guzuri ba a auna shi da ma'aunin tuwon biki. Abin tambaya shi ne ko ya kai matafiyi gida, tarihi kuwa ya nuna ya kai, domin bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'yan taru, waƙoƙin kuma suka zauna a bakin tsofaffin mata har cikin ƙarni na ashirin.

Akwai waƙoƙi biyu da yanayi ya fito a cikinsu ƙarara. Roƙon Ruwa, ta shekarun 1850, ba ta bukatar a gaya wa kowa lokacin da aka yi ta; waƙa ce ta ranakun da ido yake sama, shuka tana neman ƙonewa. Ta nuna cewa Asma'u ba ta ɗauki alƙalami abin ɗaka kawai ba, damuwar manomi damuwarta ce. Ta biyu ita ce marsiyyar da ta yi wa jajinta Hauwa'u wajen ƙarshen shekarun 1850. A cikinta ta lissafa lokutan shekara ɗaya bayan ɗaya, ta yabi marigayiyar da cewa babu wanda a cikinsu bai same ta a kan hanya tana kawo mata ɗalibai ba. A ganina babu wurin da ya fi wannan bayyana ra'ayin Asma'u game da aiki. Yabon yana da nauyi ne domin kowa ya san tafiyar damina ba ɗaya take da ta kaka ba. Ta san bambancin lokuta sarai, har ta kira su da sunayensu, amma abin da ta zaɓa ta yaba shi ne rashin yankewa.

A ƙara da wannan cewa watan Azumi da na Mauludi ba su da mazauni ɗaya a shekarar manomi. Kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, sai bayan shekara 33 suke komawa inda suka faro. Asma'u ta yi fiye da shekara 40 tana rubutu, ke nan ta ga Azumi cikin ɗari, ta gan shi cikin bazara, ta gan shi cikin marka. Mai irin wannan rayuwa ba zai ɗaure aikinsa ga wata guda ya ce sai shi ba. Dole ya koyi sassauta tsari ba tare da ya sake shi ba.

6.0 Amsa ga uzuri biyu

Na sha jin dattawa suna cewa waɗannan bayin Allah ne, abin nasu baiwa ce, ba a kwatanta su da mu. Baiwa kam akwai ta, babu mai musu. Amma ramzi da kwanan wata da suka bari suna nuna mana aikin hannu: waƙar da aka sake bayan shekara goma, littafin da aka harhaɗa daga wasiƙu, fassarar da ƙane ya ƙarasa bayan rasuwar yayarsa. In muka ce duka karama ce, mun girmama su da baki, mun kuma sallami kanmu daga koyi da su.

Matasa kuma sukan ce ai 'ya'yan sarauta ne, suna da barori da bayi masu yi musu noma da daka. Wannan ma gaskiya ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Gidan Waziri babban gida ne, kuma hutun da wahalar waɗansu ta samar yana cikin abin da ya ba da damar rubutun. Sai dai gidaje nawa ne a Sakkwato da Wurno suke da irin wannan dama, ba su bar ko warƙa ɗaya ba? Bayanu Wujubil Hijra kuma ba cikin daula aka rubuta shi ba. Dama tana taimako, amma ɗabi'a ce take mayar da ita littafi.

7.0 Abin da ya rage gare mu

Shekararmu ta yau ta sauya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a shekarun 1980, ga kuma aikin ban ruwa na Wurno, rani ya daina zama lokacin zaman banza a wannan kwari. Albasa da tafarnuwa da shinkafa sun cinye shi. Babban hutun makaranta kuma yana faɗowa ne tsakiyar damina, lokacin da malami yake gona. Don haka ba zan ce wa kowa ya kwafi jadawalin Bello ba. Abin ɗauka shi ne hikimar rabon: kowane lokaci a ba shi aikin da zai iya ɗauka.

Da damina, lokacin da jiki yake gajiye, a yi tari. Ƙaramin littafi a aljihu ya isa a rubuta sunan ciyawa, da kirarin noma, da karin maganar da ta faɗo daga bakin tsoho a bakin gona. Da kaka, lokacin da hankalin dattawa ya kwanta, a zauna da su a tambaye su tarihin unguwa da na sarauta da na malaman garin. Da ɗari dare yana da tsawo, kai kuma yana da sanyi, shi ne lokacin zuba rubutu, ko da shafi ɗaya ne bayan asuba, tun da da sanyin safiya ake kama fara. Da bazara a karanta wa abokan aiki a inuwa, a gyara, a sake kwafa. Wanda fadama ta riƙe da ɗari sai ya juya tsarin yadda ya dace da shi. A sa kwanan wata a kan kowace takarda, a kuma nemi abokin gayya, ko mutum biyu ne a makaranta ɗaya.

Ba sabon abu nake kira gare shi ba. Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya domin ɗalibansa su riƙe labarin ƙasa, bisa hanyar nan ta Sunago. Alƙali Haliru Wurno bai bar aikin shari'a ba ya zama sha'irin da ake nazarinsa a jami'o'i. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, jikan gidan Giɗaɗo da Asma'u, yana riƙe da aikin fada ya yi nasa rubutun, ya kuma adana takardun kakarsa har suka iso hannun masu bincike.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya bi sawun Bello da Asma'u ta fuskar lokaci, ya nuna cewa gajartar risalolin Bello da yawan naƙalinsu, da sauƙin waƙoƙin Asma'u na Hausa da jinkirin waɗansu ayyukanta, duk suna da alaƙa da yadda shekarar ribaɗi take juyawa. Inda aka sami rauni, ƙarancin lokaci ne ya jawo shi. Inda aka sami ƙarfi, iya rabon lokaci ne ya kawo shi. Abin da yake gabanmu kuwa ba ƙarami ba ne. A Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo akwai tsofaffin da suke riƙe da tarihin da babu shi a kowace takarda, akwai kuma gafakokin da gara take aiki a cikinsu kowace damina. Kowace kaka da ta wuce ba a zauna da su ba, wani abu ya tafi ke nan. Da yayyafi kogi kan cika, in dai yayyafin bai ɗauke ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a alƙaluman malamanmu, amin.